Naƙudar Kyanwa: Yadda Ake Gane Ta Fara, Da Lokacin Da Ake Garzayawa Wurin Likita

A yawancin gidajenmu na Bauchi ba a sanin kyanwa ta haihu sai an wayi gari an ga cikinta ya sace, sannan a jiyo 'yan ƙananan koke-koke daga bayan buhunan masara ko ƙarƙashin gado. Kyanwa ungozomar kanta ce, kuma mafi yawan haihuwarta lafiya take ƙarewa ba wanda ya sa mata hannu. Amma na ga wadda ta kwana tana yunƙuri da ɗa maƙale, mutanen gida na cewa a bar ta, dabba ce, ta san abinta, har gari ya waye ta mutu da 'ya'ya a ciki. Na kuma ga wadda tausayi ya kashe. Wata maƙwabciyarmu ta ga tata tana nishi, ta ɓalli rabin ƙwayar farasitamol ta ɗura mata. Washegari ta aiko a kira ni. "Malam, zo ka duba mini, fuskarta ta kumbura, ko ruwa ta ƙi sha." Na ce, "Maman Abba, me kika ba ta?" Da ta faɗa mini, jikina ya yi sanyi. Kyanwar ba ta ƙara kwana ba.

Saboda waɗannan biyun na zauna na rubuta wannan. Abin da mai kyanwa ke buƙata ranar haihuwa shi ne ido, agogo, da sanin 'yan alamomin da idan an gan su ba a ƙara jira.

Mataki na farko: lissafin kwanaki

Cikin kyanwa kwana 63 ne zuwa 65, wato mako 9 ke nan. Wata kan sauka kafin nan da kwana biyu ko uku, wata ta ɗan gota. Idan ta haihu kafin kwana 60, 'ya'yan bakwaini ne, da wuya su rayu. Idan kuma ta haura kwana 70 shiru, sai a kai ta a duba.

Wahalar ita ce kyanwoyinmu yawon dare suke yi, ba wanda ya ga ranar barbara. Abin da nake yi shi ne in riƙe makon da muzurai suka hana mu barci da kuka a kan katanga da rufin kwano, ita kuma tana birgima tana irin kukan nan mai kama da na jariri. Daga wannan makon nake fara ƙirga. Yawanci kyanwa ba ta sakin ƙwai sai muzuru ya bi ta, kuma muzuru fiye da ɗaya kan bi ta a 'yan kwanakin, shi ya sa za ka ga haihuwa ɗaya amma wannan ja, wancan baƙi, wancan mai zane.

Wajen mako na 3 kan nononta yakan yi ja-ja ya ɗan taso. A mako na 5 ciki ya fito. Daga mako na 7, idan ta kwanta ta miƙe, za ka ga motsin 'ya'yan da idonka. Kada ka matsa cikin don ka ƙirga su, kada kuma ka bar yara su riƙa ɗaukarta ta ciki. Mai hali zai iya kai ta a ɗauki hoton ƙashi bayan kwana 45, lokacin ƙasusuwan 'ya'yan sun yi ƙwarin da za su fito a hoto. Sanin yawansu yana da rana, domin da shi za ka tabbatar ta gama ko da saura. Yawanci 3 ne zuwa 5, na haihuwar fari sun fi zama kaɗan.

Tun yanzu ka duba ko taka tana cikin waɗanda haihuwa ta fi yi wa gardama: ƙaramar da ta ɗauki ciki ba ta cika shekara ba, mai ƙiba sosai, irin na Farisa masu dogon gashi da gajeren hanci da mutane suka fara saye yanzu, da kuma wadda mashin ko mota ta taɓa bugewa a ƙugu. Wannan ta ƙarshe ita ce aka fi mantawa. Ƙashin ƙugu kan warke a karkace, kyanwa ta ci gaba da tsalle-tsallenta kamar ba abin da ya faru, sai ranar haihuwa a tarar hanya ta tsuke.

Abinci kuwa, kanzo da ragowar tuwo ba za su riƙe mai ciki ba. Kyanwa maciyar nama ce. Ba ta dafaffen kifi da aka cire wa ƙaya, dafaffen nama ko ƙwai, kaɗan-kaɗan sau da yawa, domin 'ya'ya sun danne mata ciki. Miya mai albasa da tafarnuwa tana lalata mata jini.

Mataki na biyu: wurin haihuwa da kayan aiki

Ba a fafe gora ranar tafiya. Saura mako biyu ka nemi babban kwali mai tsabta, ka yanka ƙofa a gefe, ka bar dandamali kamar tsawon tafin hannu daga ƙasa don kada 'ya'yan su mirgino waje. Shimfiɗa tsohon zani a ciki, wanda zarensa bai warware ba, domin zare kan naɗe ƙafar ɗan kyanwa ya hana jini gudana. Ajiye kwalin a lungu mai duhu, inda yara, kaji, kare da muzuru ba sa kaiwa. Ruwan sha da abinci su kasance kusa.

Yanayi yana da muhimmanci ƙwarai. Ɗan kyanwa ba ya iya ɗumama jikinsa a makonnin farko. A hunturun Disamba da Janairu, sanyin siminti kaɗai ya isa ya kashe shi kafin asuba, don haka a ɗora kwalin a kan katako ko buhu, a rufe samansa da bargo. A zafin Maris da Afrilu kuma, ɗakin kwano mara silin tanderu ne da rana, sai a nemi wuri mai iska. Da damina a ɗaga kwalin daga ƙasa saboda ruwa da kwarkwasa. Kada a fesa maganin sauro ko fiya-fiya a ɗakin, kada kuma a wanke wurin da Dettol ko Izal, duka guba ne ga kyanwa. Sabulu da ruwan zafi sun wadatar.

Mai yiwuwa ta raina kwalinka ta zaɓi durowar kaya ko bayan rumbu. Idan naƙuda ta riga ta kama ta a can, ƙyale ta. Tashinta a wannan lokacin yana iya tsayar da naƙudar.

Tanadi tsummoki masu tsabta ko ƙananan tawul, sabuwar reza, zare, aidin, safar hannu, tocila, ƙaramin sikelin kicin, ma'aunin zafin jiki, takarda da biro. Abu mafi girma a tanadin nan shi ne lambar likitan dabbobi. Yawancin malaman dabbobinmu aikinsu shanu ne, tumaki da kaji, saboda haka ka je asibitin dabbobi tun da wuri ka tambaya kai tsaye: idan ta kama a yi wa kyanwa tiyata, wa ke yi, kuma ana samunsa da dare? Akwai asibitocin koyarwa na likitancin dabbobi a jami'o'in Jos, Maiduguri da Zariya, amma mai naƙuda ba ta jiran doguwar tafiya. Gara ka san na kusa da kai.

Mataki na uku: alamun ta kusa

Saura kwana ɗaya ko biyu, nonuwanta kan cika, har wani lokaci ruwan nono ya ɗigo. Takan rage cin abinci ko ta ƙi shi gaba ɗaya. Halinta yakan sauya: wadda ba ta sakewa da mutane sai ta riƙa bin ka tana goga jiki, wata kuma ta ɓuya. Za ka ga tana shiga lungu-lungu, tana tona shimfiɗa, tana yawan lasar ciki da gabanta. Wani ɗan farin ruwa mai yauƙi yana iya fitowa, amma sau da yawa ta lashe shi kafin ka gani.

Zafin jikin kyanwa mai lafiya digiri 38 ne zuwa 39. A cikin awa 24 kafin haihuwa yakan sauka zuwa wajen 37.5. Ana aunawa ta dubura ne, kuma ba kowace kyanwa ke nuna wannan saukar ba. A ganina, idan taka ba ta yarda a taɓa ta ba, bar batun awon nan. Tayar mata da hankali ya fi rashin awon illa.

Mataki na huɗu: naƙudar kanta

Naƙuda tana farawa a ɓoye. Mahaifa na murɗawa, bakinta na buɗewa, amma daga waje ba ka ganin yunƙuri. Abin da za ka gani shi ne ta kasa zaune ta kasa tsaye, tana haki, tana gurnani, tana shiga kwali tana fita, wata har ta yi amai. Wannan yakan ɗauki awa 6 zuwa 12, mai haihuwar fari kuma tana iya kai kwana guda. Aikinka a nan ka kori 'yan kallo, ka rage haske, ka zauna nesa kaɗan.

Daga nan sai yunƙuri na gaske. Takan kwanta a gefe ko ta tsuguna kamar mai kashi, cikinta na ɗaurewa yana saki. Faya ta fashe, ruwa ya zubo. Dubi agogo ka rubuta lokacin, domin duk hukuncin da za ka yanke daga baya a kan wannan lokacin zai dogara. Ɗan farko yakan fito cikin minti 30 da fara yunƙuri mai ƙarfi. Yana zuwa cikin wata 'yar jaka mai santsi. Uwar ta yage ta da haƙori, ta lashe fuskarsa da ƙarfi har ya yi kuka, ta tsinke cibiya. Kada ka tsorata idan ya fito ta ƙafafun baya da wutsiya. A wurin kyanwa wannan ba gardama ba ce, da yawa haka ake haifarsu.

Tsakanin ɗa da ɗa minti 10 ne zuwa awa ɗaya, wani lokaci ta huta har awa biyu. Bayan kowane ɗa mabiyiyarsa na biyowa, yawanci cikin minti 15, ko da yake wani sa'in 'ya'ya biyu kan fito a jere sannan mabiyiya biyu su biyo. Ƙirga kowace mabiyiya ka rubuta, domin uwar tana cinye ta nan take. Cin ɗaya ko biyu ba laifi, idan sun yi yawa sukan sa ta zawo.

Akwai wani hali na kyanwa da ke rikita mutane. Takan haifi biyu ko uku, ta tsaya cak, ta shayar da su, ta ci abinci, ta yi barci, sannan bayan awa 24 ko ma 36 ta dawo ta haifi sauran lafiya lau. Bambancin wannan da matsala a jikinta yake. Mai hutu tana cikin natsuwa, ba ta yunƙuri, tana ci tana sha, tana kula da 'ya'yanta. Wadda ke cikin wahala tana ta nishi ba abin da ke fitowa, ko ta yi laushi ta daina kallon 'ya'yan. Ko mai hutun ce, ni dai nakan buga wa likita in sanar da shi.

Mataki na biyar: inda ake sa hannu

Wuri uku ne kawai. Na ɗaya, idan ɗa ya fito cikin jakarsa, minti ɗaya ya wuce uwar ba ta kula shi ba. Wannan ya fi faruwa ga mai haihuwar fari, ko idan biyu sun fito kusa da kusa. Wanke hannu, yage jakar daga wajen fuska da yatsa, share hanci da baki da tsumma, ka ɗan sunkuyar da kansa ƙasa don ruwa ya fita, sannan ka riƙa goga bayansa da tawul, da ɗan ƙarfi, har ya yi kuka. Kada ka yi saurin fid da rai, wani sai an ɗauki mintuna ana gogawa. Kada kuma ka riƙe shi kana wujijjigawa a iska kamar yadda wasu ke yi, yana ji wa ƙwaƙwalwarsa ciwo.

Na biyu, cibiya. Idan uwar ba ta tsinke ba, ɗaure da zare kamar faɗin yatsu biyu daga cikinsa, ka sake ɗaurewa gaba kaɗan, ka yanke tsakani da sabuwar reza, ka ɗiga aidin. Kada ka ja cibiyar. Ragowar takan bushe ta faɗi wajen kwana na 3.

Na uku, ɗan da ya fito rabi ya maƙale. Sa safar hannu, kama shi da tsumma mai tsabta ta kafaɗa ko ƙugu, ka jira sai ta yunƙura, ka ja a hankali zuwa ƙasa, wajen ƙafafunta na baya. Ba a jan kai, ba a jan wutsiya, ba a jan ƙafa ɗaya. Idan ka gwada sau biyu ko uku bai motsa ba, ko tana ihu, sake shi ka nemi abin hawa. Ka kuma kiyayi bakinta, ko kyanwar Lami ce zafin naƙuda na iya sa ta cizo.

Mataki na shida: alamun da ba a jira

Idan ta yi minti 30 tana yunƙuri mai ƙarfi babu ɗa, a tafi. Idan ɗa ya leƙo ya tsaya minti 10, a tafi. Haka idan ta wuce awa 24 tana alamun farko, tana haki da kai-kawo, yunƙuri bai zo ba, ko kuma ka san da saura a ciki, awa biyu ta wuce, ita kuma tana ƙara galabaita. Jini ja mai gudu wanda ya kai cokalin shayi biyu, ko mai ɗiga ba tsayawa, haɗari ne. Ruwa mai duhu ko kore-kore, ko mai wari, da ya zubo kafin ɗan farko yana nuna mabiyiya ta rabu da mahaifa, ɗan na rasa iska. Ɗaga leɓenta ka dubi dasashi: ja-ja mai haske shi ne lafiya, fari fat alamar jini na zuba ne a ciki. Idan kuma wani jan nama ya zazzago ta gabanta bayan haihuwa, mahaifa ce ta fito. Rufe ta da tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan da aka tafasa ya huce, kada ka yi ƙoƙarin mayarwa da kanka.

Doguwar naƙuda iri biyu ce, kuma sanin wannan zai hana ka wani babban kuskure. Wani lokaci mahaifa ce ta gaji ta daina murɗawa, hanya kuwa a buɗe take. Wani lokaci kuma hanyar ce a toshe, ko ɗa ya yi girma, ko ya kwanta a gicciye, ko ƙugu ya tsuke. Allurar naƙuda, wato oksitosin, tana iya taimakon ta farko. Idan aka yi wa ta biyu, mahaifa za ta yi ta matsa ɗa a kan ƙofar da ba za ta buɗe ba har ta yage. Daga waje ba ka iya bambance su. Saboda haka kada ka sayo allurar nan a kemis, kada kuma ka bar wani ya yi mata don ya saba yi wa awaki. Likita ne zai duba hanya tukuna, sannan ya zaɓi allura ko tiyata.

Maganin mutane kuma a nisanta shi da ita. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa farasitamol, ƙwaya ɗaya tana kashe ta: jini ya kasa ɗaukar iska, dasashi ya koma ruwan ƙasa, fuska da dagi su kumbura. Ibuprofen ma yana lalata mata ƙoda da ciki. Jiƙe-jiƙe da kunun kanwa na masu jego ne cikin mutane, ba a ɗura wa kyanwa.

Idan za a tafi, sa ta a kwali mai murfi da ƙofofin iska, ka haɗa da 'ya'yan da aka riga aka haifa a wani ƙaramin kwali, da robar ruwan ɗumi naɗe cikin tsumma a gefensu. Tafi da takardar da ka rubuta lokuta a kai. Likita zai fara tambayarka yaushe ta fara yunƙuri, nawa ta haifa, mabiyiya nawa ka gani.

Mataki na bakwai: bayan an sauka

Kowane ɗa ya kama nono a awannin farko. Dakashi, wato nonon farko, shi ne rigakafinsa, kuma hanjinsa ba ya karɓar wannan kariya sai a cikin yinin farko kawai. Wanda ya kasa kamawa, matso ɗigon nono ka goga masa a baki ka ɗora shi. Ɗan kyanwa mai lafiya yakan kai giram 90 zuwa 110 ranar haihuwa, yana ƙara kamar giram 10 zuwa 15 kullum. Ido ya san kima, amma a nan sikeli ya fi shi, domin kafin ido ya ga rama an makara. Auna su kowace safiya, cikin sauri, a gaban uwar. Zancen cewa za ta ƙi ɗanta don an taɓa shi bai cika faruwa ga kyanwar da ta saba da kai ba. Abin da ke sa ta kwashe su ta sauya wuri shi ne hayaniya da yawan leƙe. Ɗan da ya ƙoshi shiru yake yi ya yi barci. Mai kuka ba tsayawa, ko wanda ya ware gefe jikinsa da sanyi, a fara ɗumama shi a jikinka kafin a ba shi komai, domin cikin da ya yi sanyi ba ya narka abinci. Nonon shanu da madarar gwangwani suna sa su zawo. Idan uwa ta kasa, a nemi madarar 'yan kyanwa wurin likita, ko wata kyanwar mai shayarwa.

Ita ma uwar a sa mata ido, kada a yi haihuwar guzuma, ɗa kwance uwa kwance. Jinin biƙi mai duhu, kaɗan-kaɗan, mara wari, yana iya kai mako uku, wannan ba komai. Amma idan a makon farko ya fara wari, jikinta ya yi zafi ya haura digiri 39.5, ta ƙi abinci, ta yi banza da 'ya'yan, to mahaifa ta kamu da cuta, galibi saboda mabiyiya ko mataccen ɗa da ya rage a ciki. Wannan yana kisa cikin 'yan kwanaki. Taɓa nonuwanta kullum: wanda ya yi tauri, ya yi zafi, ya yi ja ko shuɗi-shuɗi, ya kumbura da ciwo, yana buƙatar magani daga likita. Akwai kuma jijjiga, wadda ƙarancin sinadarin kalsiyam a jini ke kawowa, a ƙarshen ciki ko a makonnin shayarwa, musamman ga mai 'ya'ya da yawa. Takan fara da haki da rawar jiki, tafiya a sandare kamar ƙafafun sun ƙage, sannan ta faɗi tana shure-shure. Allurar kalsiyam ta jijiya tana tayar da ita cikin ɗan lokaci, amma sai an kai ta a daren, ba a bari sai da safe.

Wata magana ga matan gida: mai juna biyu kada ta kwashe kashin kyanwa ko shimfiɗar haihuwa da hannunta, saboda wata ƙwayar cuta da ke cikin kashin tana iya taɓa abin da ke cikinta. Wani ya yi, a kwashe kullum, a wanke hannu da sabulu.

Idanun 'ya'yan kan buɗe tsakanin kwana 7 da 14, kada a buɗe musu da yatsa. A tsare su daga muzurun waje, yana iya kashe su. A kuma tsare uwar daga gare shi, domin tana iya ɗaukar wani cikin 'yan makonni bayan haihuwa, tana kan shayarwa. Idan wannan haihuwar ta zo da gardama, ko kuma ba ka da inda za ka kai 'ya'yan, yi magana da likita a cire mata mahaifa bayan ta yaye su, wajen mako na 8, idan nono ya ƙafe.